Murar zomo a Garo: Yadda kafson kemis ke ƙarasa abin da cuta ta fara

Da atishawa abin yake farawa. Yaro ya fito da sassafe ya kai wa zomayensa ganyen dankali da 'yar dusa, sai ya ji zomanya ɗaya tana atishawa a jere, sau uku, sau huɗu. Bayan kwana biyu hancinta ya jiƙe. Kafin mako ya zagayo, majinar da ta fara kamar ruwa ta koma fara mai kauri, idonta na zubar da hawaye, ganyen da take wawura a da kuma sai dai ta shinshina ta kau da kai.

A Garo da ke Ƙaramar Hukumar Kabo, a kan hanyar Kano zuwa Gwarzo, kamar sauran garuruwan yankin, abin da ya fi kusa da mai zomo a irin wannan hali shi ne kemis. Da kuɗi kaɗan zai sayo kafso biyu ko uku na Amoxil ko Ampiclox, irin waɗanda ake ba mutanen gida idan tari ya yi tsanani, ya fasa ya zuba garin a ruwan shan zomon, ko ya dama ya ɗura masa da sirinji.

Wani lokaci atishawar ma takan ragu, hankalin kowa ya kwanta. Sai bayan 'yan kwanaki zomon ya daina cin abinci, cikinsa ya kumbura, gudawa ta ɓarke, a wayi gari a tarar da shi a sandare a lungun keji. Mutanen gida su ce mura ce ta kashe shi.

A wurin likitocin dabbobi, irin wannan mutuwa sananniya ce, kuma sau da yawa ba murar ce ke jawo ta ba. Maganin da aka bayar da kyakkyawar niyya ne.

Ƙaramar dabba, babban jari

Kiwon zomo a ƙasar Hausa ya daɗe yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da kiwon tattabaru a matsayin abin sha'awar yara maza da samari. Wani don ƙauna kawai yake ajiye shi, ya sa masa suna, ya riƙa ɗaukarsa kamar mage. Wani kuma jari ne a wurinsa, domin zomanya kan yi ciki na kimanin kwana 31 kacal, ta haifi 'ya'ya biyar zuwa takwas, wani lokaci fiye da haka. Wanda ya fara da mace ɗaya da namiji ɗaya, in Allah Ya sa albarka, kafin shekara ta ƙare yana da abin da zai sayar ya yi kayan Sallah ko ya biya kuɗin jarrabawa. Mata a cikin gidaje su ma sun shigo harkar, saboda zomo ba ya cin wuri kamar akuya, kuma ba ya damun maƙwabta da kuka.

Wannan zomon na keji ba shi ne zomon dajin da mafarauta ke kamawa ba. Asalinsa daga yankin Sifaniya da Fotugal yake, kuma nau'ukan da suka yaɗu a Najeriya, irin su New Zealand White da Chinchilla da Dutch, duk shigo da su aka yi. Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa, NAPRI, da ke Shika kusa da Zariya, na cikin wuraren da suka daɗe suna nazarin kiwonsu a yanayin Arewa. Dabba ce da aka raba da yanayinta na asali, kuma hanyar numfashinta na cikin wuraren da hakan ya fi nunawa.

Mece ce murar zomo?

Abin da masu kiwo ke kira murar zomo galibi aikin wata ƙwayar bakteriya ce mai suna Pasteurella multocida, wadda aka sa wa sunan masanin kimiyyar nan na Faransa, Louis Pasteur, da ya yi bincike a kan kwalarar kaji a 1880. Akwai wasu ƙwayoyin da kan shiga lamarin, kamar Bordetella bronchiseptica da Staphylococcus aureus, amma Pasteurella ce ta fi yin suna.

Abin da ke rikita mai kiwo shi ne, zomaye da yawa na ɗauke da ƙwayar a cikin hancinsu ba tare da wata alama ba. Uwa kan ba 'ya'yanta tun suna cikin sheƙa. Zomo kan ba ɗan'uwansa ta atishawa, ko ta kwanon ruwa, ko wajen barbara. Ƙwayar na zaune lafiya har sai ranar da garkuwar jikin zomon ta yi rauni saboda haihuwa, ko cunkoso, ko doguwar tafiya a cikin kwali daga kasuwa, ko ƙarancin abinci.

Akwai wata alama da gogaggun masu kiwo ke dubawa kafin su sayi zomo. Zomo da ƙafafunsa na gaba yake goge fuska, don haka idan yana da majina, gashin cikin ƙafafun kan cure ya yi ƙanta. Mai sayarwa zai iya goge hanci kafin a zo ciniki, amma ba kasafai yake tunawa da ƙafafu ba.

Majinar da ɗan Adam zai ɗauka da sauƙi babbar matsala ce ga zomo, domin halittarsa ta hanci kaɗai yake numfashi. Idan hanci ya toshe, cin abinci ma kan gagare shi. Duk zomon da aka gani ya ɗaga kai sama, ya buɗe baki yana jan iska, to ya kai gargara, kuma sa'o'i kaɗan na iya raba shi da rai.

Cutar ba ta tsayawa a hanci. Takan gangara huhu ta zama namoniya. Takan bi ta wata 'yar hanya ta shiga cikin kunne, sai a ga wuyan zomon ya karkace yana juyi a wuri ɗaya. Takan haura ido, ko ta yi ƙurji mai kaurin mugunya a ƙarƙashin fata, ko ta kama mahaifar zomanya ta daina haihuwa. Idan ta shiga jini kuwa, zomo na iya mutuwa ba tare da an ga ko atishawa ɗaya ba.

Kuskuren da ake yi da hunturu

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke lulluɓe yammacin Kano, ƙura na shiga ko'ina. Wannan kuma shi ne lokacin da ɗanyar ciyawa ke yankewa, a koma ga harawar gyaɗa da ta wake da dusa, waɗanda su ma ƙurar ke cike da su. Hancin zomo na shan wahala ta fuska biyu.

Sai dai babban kuskuren daga tausayi yake fitowa. Da sanyi ya sauko, mai zomo kan lulluɓe kejin ruf da buhu ko leda, ko ya shigar da shi ɗakin da ba taga, don kada sanyi ya kama su. Alhali zomo ya fi jure sanyi a kan zafi. Yanayin da ya fi masa daɗi shi ne tsakanin digiri 15 zuwa 21 a ma'aunin Salshiyos, wato kusan irin sanyin daren hunturu a Kano. Abin da ke galabaitar da shi shi ne zafin bazara na Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni kan kai digiri 40.

Idan aka toshe iska, zarnin fitsari ya taru. Wannan zarnin sinadarin amoniya ne, kuma yana lalata 'yan siraran gasun da ke share datti daga hanyar numfashi, ya buɗe wa Pasteurella ƙofa. Gwajin mai sauƙi ne: mutum ya sunkuya ya sa fuskarsa daidai inda hancin zomon yake. Idan zarni ya sa shi yaji a ido, to zomon da ke kwana a wurin ya fi shi shan wuya. Haka lamarin yake ga kejin da aka jingina kusa da murhu ko janareta, inda hayaƙi ke bi ta kansa safe da yamma.

Dalilin da kafso ke kisa

Amsar tana cikin hanjin zomo. A mahaɗar ƙaramin hanji da babba akwai wata ƙatuwar jaka da ta fi tumbinsa girma nesa ba kusa ba. A cikinta akwai tarin ƙwayoyin bakteriya masu amfani, waɗanda su ne ke narkar da ciyawar da ya ci su mayar da ita abinci. Shi ya sa zomo ke fitar da wani kashi mai laushi, yawanci da dare, ya sake cinyewa. Ba ƙazanta ba ce, ta nan yake samun wani kaso na furotin da bitamin.

Magungunan dangin fenisilin, idan aka ba zomo ta baki, sukan hallaka waɗannan ƙwayoyi masu amfani. Da zarar fili ya samu, wata muguwar ƙwaya mai suna Clostridium spiroforme sai ta yaɗu, ta riƙa fitar da guba a cikin hanji. Abin da ke biyo baya shi ne kumburin ciki, gudawa kamar ruwa, sanyin jiki da mutuwa. Wani zomon cikin kwana ɗaya ko biyu abin ke bayyana, wani sai bayan mako guda ko fiye, har an manta an ba shi wani magani. Wannan tazarar ce ke sa ba a zargin kafson.

Magungunan da likitocin dabbobi ke gargaɗin kada a ba zomo ta baki sun haɗa da amoksisilin da ake sayarwa da sunan Amoxil, da Augmentin, da amfisilin da ke cikin Ampiclox, da linkomaisin na cikin Lincocin, da kilindamaisin na cikin Dalacin C, da eritromaisin, da dangin sefalosforin. Kusan dukkansu magunguna ne da ake samu a kemis ɗin ƙauye ba tare da takardar likita ba.

Shagon maganin kaji ma ba mafita ba ce kai-tsaye. Yawancin garin maganin da ake zuba wa kaji a ruwa gauraye ne na antibayotik uku ko huɗu da bitamin, kuma wasunsu na ɗauke da eritromaisin. Abin da kaza ta sha ta miƙe, zomo na iya sha ya kwanta. Akwai kuma masu haɗawa da Dexa don a ga sauƙi da wuri. Wannan magani na danne garkuwar jiki, zomo kuma na cikin dabbobin da ya fi yi wa illa, don haka cutar da ake son kashewa ita ake ƙara wa ƙarfi. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Abin da likita ke yi

Murar zomo na da magani, amma zaɓensa aikin likitan dabbobi ne. Daga cikin waɗanda hanjin zomo ke iya ɗauka akwai enrofuloksasin, wanda aka fi sani da sunan Baytril, da haɗin tiraimetofirim da salfa irin na Septrin, da doksisaikilin, da azitromaisin. Ita kanta fenisilin akan yi amfani da ita a kan Pasteurella, amma ta hanyar allura a ƙarƙashin fata, a hannun wanda ya san aikin, domin ta wannan hanya kaɗan ne ke isa jakar hanjin. Bambancin allura da ɗurawa ta baki a nan na iya zama bambancin rayuwa da mutuwa.

Abu na farko da likita zai nema shi ne nauyin zomon, saboda da kilo ake auna magani. Yawancin zomayen gida ba sa wuce kilo 2 zuwa 4, wato kafso ɗaya da aka yi wa babban mutum ya yi musu yawa ninki-ba-ninki. Zai duba zafin jiki, wanda a lafiyayyen zomo yake tsakanin digiri 38.5 zuwa 40, ya saurari ƙirji, ya duba haƙora da kunnuwa. Inda akwai ɗakin gwaji, akan ɗebi majinar a gano ainihin ƙwayar da kuma maganin da take ji.

Zuba magani a kwanon ruwa dabara ce mai rauni. Zomo mara lafiya ba ya shan ruwa sosai, ɗacin maganin kuma na ƙara korarsa, sai ya zama lafiyayyun ne ke shanye abin da aka zuba domin majinyacin. Ɗurawa da sirinji a gefen baki, a hankali, gwargwadon yadda likita ya auna, ta fi tabbas.

Sai batun haƙuri. Jinyar murar zomo kan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wadda ta daɗe ko ta shiga kunne kuma tana iya wuce haka. Majina kan tsaya a kwanakin farko, kuma a nan ne masu kiwo da yawa ke ajiye magani don tattalin kuɗi. Ƙwayoyin da suka rage a lungunan ƙasusuwan hanci sai su dawo, wannan karon sun fi taurin kai. Ko da an kammala jinya yadda ya kamata, wasu zomayen kan ci gaba da ɗaukar ƙwayar har ƙarshen rayuwarsu. Shi ya sa manyan gonaki ke fitar da mai yawan mura daga cikin iyayen garke. Wanda ke ajiye zomo ɗaya don ƙauna zai iya ci gaba da kula da abinsa, amma ba hikima ba ce ya riƙa ba da aronsa don barbara.

Ba kowace atishawa ke son antibayotik ba

Zomon da ke atishawa lokacin cin busasshiyar harawa, hancinsa a bushe, yana ci yana wasa, wataƙila ƙura ce kawai. Kakkaɓe harawar da yayyafa mata ruwa kaɗan kafin a zuba na iya kawo ƙarshen matsalar.

Wani lokaci kuma daga haƙori ne. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro, cin ciyawa mai tauri ne ke rage su. Idan ya dogara da dusa da abincin kaji kaɗai, saiwar haƙoran sama kan tura ta danne hanyar da hawaye ke bi zuwa hanci, sai ido da hanci su riƙa zuba. Ko kwali guda na magani aka ƙarar, ba zai gyara haƙori ba.

Mafi haɗari ita ce cutar zubar jini ta zomaye, wadda ƙwayar bairos ke haddasawa. An fara gano ta a Chaina a 1984, wani sabon nau'inta ya ɓulla a Faransa a 2010, sannan a 2020 aka tabbatar da ɓullarta a Najeriya, inda ta yi ɓarna a gonakin jihohin Kwara da Oyo. Alamarta ita ce zomaye su riƙa mutuwa farat ɗaya, da yawa a cikin kwana ɗaya ko biyu, wasu da kumfar jini a hanci. Antibayotik ba ya taɓa bairos. Wanda ya ga haka, abin da ya kamace shi shi ne ya daina saye da sayarwa, ya binne gawarwakin da zurfi, ya sanar da jami'an kula da lafiyar dabbobi, waɗanda ke iya aika samfuri zuwa Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924.

Jinya a gida

Kafin a kai ga likita, akwai abin da mai zomo zai yi da hannunsa. Ya ware mara lafiyar a wani keji nesa da sauran, da kwanukansa daban, ya riƙa kula da shi a ƙarshe bayan ya gama da lafiyayyu, sannan ya wanke hannu da sabulu. Ya riƙa goge masa hanci da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi don hanya ta buɗe. Sirace da ruwan zafi zalla, a ajiye a wajen keji inda zomon ba zai taɓa ba, na taimakawa wajen sassauta majina.

Abinci ne ginshiƙin jinyar. Hanjin zomo ba ya son tsayawa, kuma zomon da ya yi sa'o'i 12 bai ci komai ba ya shiga haɗari ko da wace cuta ce ke damunsa. A jawo hankalinsa da ɗanyen ganye mai ƙamshi irin na karas ko dankali, a kuma sa ido a kan kashinsa. Idan ya ragu, ya ƙanƙance, ko ya zama ruwa bayan an fara wani magani, a sanar da likita nan take.

Sabon zomo daga kasuwa kuma ya zauna shi kaɗai na aƙalla mako biyu, in da hali wata guda, kafin a haɗa shi da na gida.

Abin ya wuce keji

Yadda ake wasa da antibayotik a kan dabbobi na komawa kan mutane. Tun a 1945, Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi gargaɗin cewa shan maganin da bai kai ƙima ba zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Wani babban bincike da mujallar The Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai-tsaye saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma yammacin Afirka ne ke kan gaba idan aka kwatanta da yawan jama'a. Najeriya ta fitar da tsarinta na farko na yaƙi da matsalar a 2017.

Enrofuloksasin, wanda ke ceton zomo, ɗan'uwan Cipro ne da ake ba masu taifot, har ma jikin dabba kan mayar da wani kasonsa zuwa Cipro ɗin. Saboda irin wannan alaƙa ce Amurka ta hana amfani da shi a kan kaji a 2005. Kashin zomon da aka yi wa rabin jinya kan tafi gonar bayan gida a matsayin taki, yaran da ke share kejin kuma su ne ke sa hannu a kwanon tuwo.

Ga masu yanka zomo su ci, kowane maganin dabbobi na da kwanakin jira da ake rubutawa a jikinsa, waɗanda dole su cika bayan shan ƙarshe kafin naman ya dace da tukunya. Al'adar yanka dabba da zarar an ga magani ya ƙi ci na nufin iyali su cinye ragowar maganin tare da naman.

Tazarar da ke tsakanin keji da likita

Faɗin a je wurin likita abu ne mai sauƙi a birni. Gwarzo na da nisan kimanin kilomita 70 daga Kano, kuma wanda zai ɗauki zomo daga Garo zuwa asibitin dabbobi na Gwale, kuɗin motarsa zuwa da dawowa na iya kusantar kuɗin zomon. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello kuwa yana can Zariya. Ma'aikatan lafiyar dabbobi da ke ƙananan hukumomi sun fi sabawa da shanu da tumaki da kaji, domin a nan dukiyar jama'a ta fi yawa. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi da Gwamnatin Tarayya ta ƙirƙiro a 2024 ita ma hankalin jama'a a kanta ya fi karkata ga shanu da rikicin makiyaya.

Duk da haka akwai hanyoyin rage tazarar. Masu zomaye a unguwa ɗaya na iya haɗa kuɗi su kira malamin dabbobi ɗaya ya zagaya kejinsu a rana guda, su kuma raba kwalbar magani ɗaya bisa awon da ya rubuta wa kowa. Ɗan gajeren bidiyo ta WhatsApp da ke nuna hanci da ƙafafun gaba da yadda zomon ke numfashi, haɗe da nauyinsa daga sikelin mai shago, na ba likita abin da zai fara aiki da shi. Ɗaliban da ke karanta lafiyar dabbobi a Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta, da masu karatun likitancin dabbobi a Jami'ar Bayero da ke kan wannan hanya ta Gwarzo, da yawansu 'ya'yan irin waɗannan garuruwa ne da ke dawowa gida hutu.

Masu kemis ma na da rawar takawa. Idan yaro ya zo neman kafso biyu, tambayar wa za a ba ta isa ta ceci jarinsa. In ya ce zomo ne, Amoxil da Ampiclox su koma kan kanta, shi kuma ya koma gida ya yaye buhun da ya rufe kejin, ya kwashe jiƙaƙƙiyar ƙasar da ke ƙarƙashinsa, ya ware mai atishawar, sannan ya nemi lambar malamin dabbobi.